Malam, Ka Taɓa Ganin Tsibiri?

Daga wani ɗalibin aji uku, mutumin Agege

'Yan'uwana ɗalibai, da malamanmu masu girma, ina roƙo ku ba ni aron hankalinku kaɗan. Ga dogon hutu ya ƙarato, kowa ya fara ɗaure kaya, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Bara, sa'ad da aka rarraba mu koyarwar gwaji, sai aka tura ni wata makarantar firamare a garinmu Agege, aka ba ni aji huɗu. Ran nan muna darasin labarin ƙasa, na rubuta a allo cewa tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Yara suka maimaita sau uku, har na fara jin daɗi. Sai wata 'yar yarinya can baya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, kai ka taɓa ganin tsibiri?" Na yi shiru, sa'an nan na ce mata ban taɓa ba. Da na koma gida na ba mahaifina labari, ya yi ta dariya har da hawaye. Ya ce, "Kai, ɗan nan! Sau nawa na aike ka Idumota? Gadar Carter da ka ke hayewa, a kan me aka ɗora ta? Ai Ikko ita kanta tsibiri ce." Na ce, "Haka ne, Baba," na sunkuyar da kai. Ashe tun ina yaro ina shiga tsibiri ina fita ban sani ba, ga shi har na tsaya gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane.

Tun daga ran nan na ke ta tunani a kan wannan yayi da aka shiga na zuwa hutu tsibirai. Kowa ya duba wayarsa zai ga hotunan masu hali a Zanzibar ko tsibiran Maldibs, suna kwance bisa farin yashi, ga ruwa shuɗi, ga itatuwan kwakwa. Dattawanmu na Zango in sun ji labari sai su ce almubazzaranci ne, wai mai kuɗin banza ne ya ke ƙetare teku don ya kwanta. Samari kuwa abin da ya ke burge su hoton ne kawai. Ni a ganina duka biyu akwai gyara. Zuwa tsibiri abu ne mai amfani, musamman ga wanda zai zama malami, amma sai in ya tafi da ido buɗe, ya kuma fara da tsibiran da su ke maƙwabtanmu.

Ku ɗauko taswirar Afirka ta Yamma, ku sa yatsa a Ikko, ku gangara kudu maso gabas cikin teku. Za ku tarar da tsibirai biyu da waɗansu ƙanana kewaye da su, watau ƙasar Sao Tome da Principe. Ku auna da rula. Daga Agege zuwa birnin Sao Tome, in an bi miƙe, bai cika kilomita 800 ba. Daga Agege zuwa Kano kuwa ya ɗara 800. Watau wannan ƙasa ta fi Kano kusa da mu, amma mutum nawa cikinmu ya taɓa jin sunanta? Faɗinta wajen murabba'in kilomita 1,000 ne, mutanenta ba su kai 250,000 ba, alhali ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Agege kaɗai fiye da 450,000. Turawan Fotugal sun iso tsibiran wajen 1470, ba su tarar da kowa ba. Sun mallake su shekara ɗari biyar, sai ran 12 ga Yuli 1975 ƙasar ta sami mulkin kai. Har yanzu harshen Fotugal a ke yi a makarantu da ofisoshi, kuɗinsu kuwa sunansa dobra.

To, me ya haɗa mutumin Agege da su? Koko ne, ba kokon da mu ke sha da ƙosai ba, wanda a ke yin cakulan da shi. Asalin itacen daga Amurka ta Kudu ya ke. A farkon shekarun 1820 aka kawo irinsa daga Barazil zuwa Principe, daga nan ya bazu zuwa Sao Tome, ya ƙetara tsibirin Fernando Po wanda yanzu a ke kira Bioko, sa'an nan ya hau gaɓar Afirka ta Yamma. Wajen 1880 wani attajirin Ikko, J. P. L. Davies, ya dasa gonar koko a Ijon, nan kusa da mu. Waɗansu suka bi sawunsa, irin su J. K. Coker a Ifako, har suka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907. A gonakin nan ne kuma aka riƙa dasa goro, goron nan kuwa shi ya jawo kakanninmu fatake suka yi yawa a Agege, balle da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912. Ashe ke nan in aka bi salsalar zamanmu a nan, akwai reshe guda da ya miƙa har cikin tekun can.

Wanda ya je don hoto zai ga tsofaffin gidajen gandu, waɗanda su ke kira roça, ya ce kai, Turawan da sun iya gini. Malami kuwa zai tambaya, wa ya ɗauko duwatsun? Da farko rake aka noma a tsibiran, da gumin bayi. Bayan an hana bauta sai aka riƙa kwaso leburori daga Angola da Mozambik da Kef Bad, da sunan kwangila, da yawansu ba su sake ganin gida ba. Kafin Yaƙin Duniya na Farko akwai shekarun da ba ƙasar da ta kai Sao Tome fitar da koko a duniya duka. Abin ya yi muni har a 1909 kamfanin Cadbury da waɗansu masu yin cakulan a Ingila suka daina sayen kokon tsibiran. A watan Fabrairu 1953 kuma masu mulki suka hallaka ɗaruruwan 'yan ƙasa, abin da a ke kira kisan Batepa, har yanzu suna tunawa da shi kowace shekara ran 3 ga Fabrairu. Malamin da ya tsaya a tsakar ɗayan gandayen nan, in ya zo koyar da tarihin cinikin bayi, muryarsa ma dabam za ta fita.

Masu son kimiyya su ma ga nasu rabo. Ran 29 ga Mayu 1919 aka yi husufin rana. Wani masani Bature, Arthur Eddington, ya taso daga Ingila ya kafa na'urarsa a gandun Sundy cikin Principe, ya ɗauki hoton taurari da rana tsaka sa'ad da gari ya yi duhu. Hotunan nan su su ka taimaka aka gaskata maganar Einstein cewa haske ya kan karkata in ya wuce kusa da rana. Har wa yau, a kudancin Sao Tome akwai ɗan tsibiri, Rolas, inda layin Ikwaita ya ratsa, an kuwa kafa alama a wurin. Layin nan da mu ke ja da alli a tsakiyar duniya, mutum ya iya tsayawa ƙafa ɗaya a arewacinsa, ɗaya a kudu. Ga kuma dutsen Cão Grande, wani tsohon dutsen aman wuta da ya miƙe cikin kurmi kamar tabarya, tsawonsa mita 663 bisa teku.

Kada ku ce ba ruwan Nijeriya da su. Lokacin yaƙin basasa, daga 1968 zuwa 1970, daga Sao Tome ne jiragen agaji su ke tashi da dare suna kai abinci Uli. A 2001 ƙasashen biyu sun sa hannu a yarjejeniyar raba arzikin man da ke tekun tsakaninsu, Nijeriya kashi 60, su 40. A Yuli 2003 sojoji sun yi juyin mulki can sa'ad da shugabansu, Fradique de Menezes, ya ke Abuja, aka yi sulhu, Shugaba Obasanjo ya raka shi gida da kansa.

Na san abin da za ku ce: ɗalibin da kuɗin sabulu ya ke gagara, ina shi ina jirgin sama? Gaskiyarku. Kuɗin tafiyar ba na yaro ba ne, ni ma da na ke wannan surutu har yanzu hangen Dala na ke yi, ban shiga birni ba. Kuma ban ce kowa ya bar zuwa gaida iyaye a Arewa don ya tafi kallon teku ba, zumunci shi ne gaba. Amma sannu ba ta hana zuwa. Abin da na ke ba da shawara iri biyu ne.

Na farko, mu fara da na ƙofar gida, cikin hutun nan. Waɗanda ke nan Ikko mu haɗu mu tafi Badagry, mu ga benen farko da aka gina a 1845, mu shiga kwalekwale mu haye zuwa tsibirin Gberefu, mu taka hanyar da bayi su ka taka zuwa bakin teku. Kowa ya riƙe littafi da fensir, ya rubuta abin da ya gani, kada a shiga ruwa sai da rigar ceto. Wannan tafiyar yini guda ce, kuɗin mota da na fito kawai.

Na biyu, mu roƙi hukumar kwaleji ta yarda mu kafa asusu. Ɗalibai su riƙa zuba ɗan abin da ya sawwaƙa, tsofaffin ɗalibai da attajiranmu na Agege su tallafa, har ya kai a tura mutum biyu da malami guda Sao Tome. Lokacin rani a can daga Yuni zuwa Satumba ne, ya yi daidai da dogon hutunmu. Kifi da ayaba kuwa ga su nan a wadace, ba wanda zai kwana da yunwa don tsoron naman da bai san yankansa ba. Sharaɗi ɗaya ne, in sun komo su tsaya gaban makaranta duka su ba da labari, su kuma rubuta shi a wannan mujalla.

Kakanninmu sun taka daga Kano har Gwanja da jakuna saboda goro, su su ka bar mana maganar nan cewa tafiya mabuɗin ilmi ce. Mu jikokinsu muna zaune kusa da filin jirgin sama na Ikeja, kullum jirage suna wucewa bisa kanmu, amma yaranmu da yawa ba su taɓa ganin teku ba. Yarinyar nan tana aji biyar bana, kuma akwai irinta a kowane aji da za a ba mu. Ina fata ran da aka sake yi wa ɗayanmu wannan tambaya, ya ajiye alli ya ce, "Na gani, ku zauna in ba ku labari."

Allah ya kai mu hutu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.