'Yan Ciranin Alaska da Dillalan da Suka Ci Guminsu

'Yan uwa malamai, duk wanda ya taɓa koyar da taswirar duniya ya san inda Alaska take, can ƙuryar arewa maso yammacin nahiyar Amurka, ƙasar da ƙanƙara ke rufewa mafi yawan shekara. Abin mamaki, jama'a mafi yawa daga cikin 'yan asalin Asiya da ke zaune a can mutanen Filifin ne, 'yan tsibiran zafi da damina. Mu dai Filifinawan da muka sani su ne waɗanda suka koyar da yayyenmu lissafi da kimiyya a sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980. Na ɗauko tarihin 'yan uwansu na Alaska ne domin, a ganina, duk ɗan ƙungiyar ƙwadago ya kamata ya san shi, musamman ɓangarensa marar daɗin ji.

Tun a 1788 aka rubuta zuwan wani Bafilifine gaɓar Alaska a cikin jirgin fataken fatu, amma kwararowa ta gaske sai bayan 1898, lokacin da Amurka ta karɓe Filifin daga hannun Sifen. Daga nan suka sami damar shiga Amurka ba tare da shamaki ba, ko da yake ba a ɗauke su 'yan ƙasa ba. Masana'antun sa kifin salmon a gwangwani kuwa na neman hannu mai arha, don doka ta toshe wa Sinawa ƙofa tun 1882. Sai samarin Filifin suka zama 'yan cirani: da bazara su hau jirgin ruwa daga birnin Siyatil zuwa Alaska su yi wata biyu ko uku suna feɗe kifi, aiki ya ƙare su gangara gonakin Kalifoniya. Wasunsu ɗalibai ne masu tara kuɗin makaranta. Sunan da suka ba kansu shi ne Alaskero.

Kamfanonin ba su kyauta musu ba. Ɗakin kwanansu daban da na Turawa, wurin cin abincinsu daban, aikin ƙazanta da sanyi nasu, na injin da ofis na wasu. Sai dai kamfani ba ya ɗaukar ma'aikaci kai tsaye. Ɗan kwangila ne ke kawo mutane, kuma sau da yawa shi ma baƙo ne ɗan Asiya, wani lokaci ma ɗan uwansu Bafilifine. Shi zai tilasta maka sayen tufafin aiki a kantin da ya zaɓa, da tsada, bisa bashi. Shi ke riƙe da kuɗin abinci, ya ciyar da kai shinkafa da ragowar kifi ya aljihunta saura. Nasa ne kuma teburin cacar da ke cinye ɗan abin da ya rage. Da ɗan gari akan ci gari.

A 1933 suka kafa ƙungiyarsu a Siyatil domin kawar da wannan tsari. Ran 1 ga Disamba 1936, wani dangin ɗan kwangila ya harbe shugabanta Virgil Duyungan da sakatarensa Aurelio Simon a wani gidan abinci. Kisan bai tsorata membobi ba. Cikin shekara biyu tsarin kwangilar ya rushe, tura ma'aikata Alaska ya koma hannun ƙungiya.

A nan ne nake roƙon mai karatu ya dakata. Ikon da aka ƙwace daga dillali bai mutu ba, mazauni kawai ya sauya. Da tafiya ta yi nisa, sai ga shi a ofishin ƙungiyar ma sai ka ba da na goro kafin sunanka ya shiga jerin masu tafiya, cacar nan kuma ta dawo a hannun 'yan daba. Wasu samari biyu da suka yi aikin kifin da hannunsu, Silme Domingo da Gene Viernes, suka ci zaɓe a 1980 da alkawarin tura mutane bisa ƙa'ida. Ran 1 ga Yuni 1981 aka harbe su a cikin ofishin ƙungiyar, kowannensu yana da shekara 29. Domingo ya ja jiki ya fito titi, ya faɗi sunayen maharan kafin rai ya yi halinsa washegari. A 1989 wata kotu a Siyatil ta ɗora wa Ferdinand Marcos, tsohon shugaban Filifin da samarin ke adawa da mulkinsa, alhakin hannu a kisan. A 1991 kuma aka yanke wa shugaban ƙungiyar kansa, Tony Baruso, ɗaurin rai da rai. Na kan ji wasu na cewa tona asirin cikin gida na raunana ƙungiya. Ban yarda ba. Abokan waɗannan samari da suka ƙi yin shiru su ne suka karɓi ragamar reshen suka gyara shi.

Ba duka ne suka koma kudu ba. Wasu sun zauna a Juno suna tantance dutse a ma'adinan zinariya, suka auri matan ƙabilar Tlingit, jikokinsu na nan. A 1974 aka zaɓi Thelma Buchholdt, haifaffiyar Filifin, majalisar dokokin jihar, kuma ita ce daga baya ta rubuta littafin tarihin al'ummar.

Yau sabon ayari ne ke isa Alaska, kuma abokan sana'armu ne. Makarantun ƙauyukan da sai da jirgin sama ake zuwa sun rasa malamai, sai hukumomin ilimi suka koma ɗauko su daga Filifin da bizar wucin gadi ta 'yan shekaru. Da yawansu ta hannun kamfanonin ɗaukar ma'aikata suke bi, waɗanda ke karɓar kuɗinsu tun kafin malami ya taka aji.