Rumfar aro a kasuwar intanet

Ga wani al'amari da ya kamata malamai da fatake su dube shi da idon basira. A unguwar GRA ta birnin Katsina, kamar sauran unguwanni, da wuya a zauna majalisin karatu ba a ga yaro ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto mai motsi ba. Kafin gari ya waye karatun ya kai Maraɗi, ya kai Makka. To, a rumfar wa aka baje wannan haja, wa kuma ke cin ribarta?

A da Ƙofar Wambai ta Kano ce kasuwar kaset da faifai. Da masu satar kwafi suka karya ta, sai masu sana'ar suka yi ƙaura zuwa YouTube. A can tashar Bakori TV, mai sunan wani gari na ƙasar Katsina, ta shahara da shirin Izzar So tun 2020. Amma fa mai rumfa yana da sharuɗɗa. Tun 2018 ya ɗora wa mai dogon bidiyo sharaɗin mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, kafin ya sami rabo daga kuɗin talla. Rabon kuwa kashi 55 ne cikin 100, saura na dillali. Ba a aiko kuɗin sai sun cika dala 100. Facebook ma ta buɗe wa 'yan Nijeriya irin wannan ƙofa a 2024.

Nan malami yake da abin lura biyu. Na farko, ba shi ne ke zaɓen tallar da za a sa a gaban karatunsa ba, tana yiwuwa ta zamo ta abin da shi kansa yake hani gare shi. Na biyu, zanen aro ba ya rufe katara. Gwamnatin Tarayya ta rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. A Satumban 2021 kuma aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga. Wanda duk karatunsa da mabiyansa suke wuri guda, rana ɗaya ta isa ta raba shi da su.

Akwai wasu hanyoyi. Ɗaya ita ce mai kallo ya biya da kansa, kamar yadda aka shirya Northflix da aka buɗe a Kano a 2019. Wannan ya dace da mai wasan kwaikwayo, amma almajiri ba shi da abin biya. Ta biyu ita ce Telegram da WhatsApp, inda karatu ke isa ga jama'a. Ta uku ita ce hanyar magabata, watau attajiri ya ɗauki nauyin malami. Ɗan kasuwa ya sayi na'ura, ya biya mai ɗauka, ya mai da shi sadaka mai gudana, ko kuwa a ambaci shagonsa a ƙarshen karatu bisa yarjejeniya bayyananniya.

Saboda haka malami ya ajiye asalin kowane karatu a hannunsa, kamar yadda yake adana littattafansa a gafaka, sa'an nan ya baza kwafi a rumfa biyu ko uku. Allah ya sa albarka cikin nema, amin.