Sharhi: Darasin Da Faifan Ice Prince Ya Bar Wa 'Yan Kasuwar Minna

A watan Oktoba na shekarar 2011 ne kamfanin Chocolate City ya fitar da faifan farko na mawaƙi Panshak Zamani, wanda aka fi sani da Ice Prince, mai suna Everybody Loves Ice Prince. A Minna aka haifi wannan mawaƙi a 1986, ya tashi a Jos, amma Legas ce ta ci moriyar hajarsa. Wannan abin dubawa ne ga masu jari a Jihar Neja.

Faifan waƙa haja ne kamar shinkafa ko atamfa, kuma ba a kai shi kasuwa da ka. Tun a 2010 kamfanin ya saki waƙar Oleku, wadda Jesse Jagz ya haɗa wa kiɗa, ta zaga gidajen rediyo fiye da shekara guda kafin faifan ya fito. Ke nan sai da aka tara masu saye tukuna aka buɗe rumfa. Kafin nan an biya ɗakin ɗaukar murya, an biya makaɗa, an biya talla, an kuma rattaba hannu kan yarjejeniyar da ta fayyace rabon kowa. A 2013 mawaƙin ya karɓi lambar yabo ta BET a Amurka, abin da ya ƙara wa hajar daraja.

A wancan lokaci, dillalan kasuwar Alaba da ke Legas ne ke riƙe da ragamar rarraba faya-fayai, masu satar fasaha kuma na cin karensu babu babbaka. Yanzu ciniki ya koma wayar hannu. Spotify ya shigo Nijeriya a 2021, an kuma sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023. Saboda haka wanda ya mallaki waƙa a rubuce zai iya karɓar kuɗinta yana zaune a Bosso ko Tunga, ba sai ya tare a Legas ba.

To amma ina masu zuba jarin? Minna na da ɗalibai, tana maƙwabtaka da Abuja, tana da mawaƙan Hausa da Nufanci da Gwaranci. Duk da haka, mai hannu da shuni ya fi son yin liƙi a wurin biki a kan ya sayi na'urar ɗaukar murya. Liƙi kyauta ce ta dare ɗaya, haƙƙin mallaka kuwa kadara ce da ake gada.

Ya kamata 'yan kasuwarmu su haɗa hannu su kafa ɗakunan ɗaukar murya masu inganci, su nemi lauyoyi su tsara yarjejeniya ta adalci, su kuma ware kuɗin talla tun kafin a fara aiki. In ba haka ba, Minna za ta ci gaba da haihuwa wasu garuruwa na cin riba.