Gonar Ikkilisiya da Gayyar Farkon Damina

Gonar ikkilisiya fili ne da jama'ar coci ɗaya suka mallaka tare, suke nomawa da ƙarfinsu ba tare da an biya kowa ko sisin kwabo ba. Ana samun irinta a ƙauyuka da dama na kewayen Kafanchan, Kagoro, Kwoi, Zonkwa da Kachia. Tushenta gayya ce, wadda ta girmi zuwan mishan nesa ba kusa ba. Da 'yan mishan na SIM suka kafa tasha a Kwoi a 1910, sun tarar da mutanen da suka saba haɗuwa su nome gonar ɗayansu yau, ta wani gobe. Ƙananan majami'un ƙauye na ECWA, wadda aka kafa a 1954, da na Katolika da Angilika, ba su da kuɗin ɗaukar nauyin fasto ko katikis, sai suka biya da garma. Ga Musulmin yankin ma akwai makamanciyarta, wato gonar malam ko ta liman, wadda almajirai da maƙwabta ke taimakawa a kai.

Aikin yana bin ruwa. Kudancin Kaduna na samun ruwan shuka tun watan Afrilu, alhali manomin Kano na jiran ƙarshen Mayu ko Yuni. A Maris ake sharar gona. Da ƙasa ta jiƙa sai a yi sanarwa ranar Lahadi bayan sujada, a tsayar da ranar fita. Maza su yi huɗa, matasa su bi da shuka, 'yan Zumuntar Mata su kawo abinci da ruwa, kuma idan citta ce aka shuka, yawanci su ne ke ɗauko ganye da ciyawar da ake rufe ta da su don ƙasa ta riƙe danshi. Masara da citta na farkon damina ne. Acca takan jira tsakiyarta.

Ranar shuka ba a rasa mutane, don akwai waƙa da raha. Noman ciyawa ne ke nuna masu kishin gonar, domin a lokacin kowa yana fama da tasa. Akwai kuma ɗabi'ar barin gonar coci sai kowa ya gama shuka a gida, har a wuce lokaci, sannan da kaka a ce ƙasar ba ta da kyau. Maganin wannan ba wa'azi ba ne. A shuka ta da fari, a raba kunyoyi tsakanin ƙungiyoyin coci, kowace ta san rabonta har girbi. Lissafi ma haka: buhu nawa aka samu, nawa aka sayar, nawa aka ba gwauraye da marayu, a karanta a gaban jama'a kamar yadda ake karanta baiko. Inda aka yi shiru a kan wannan, baɗi gayya takan ragu.

Amma amfanin da ya fi dacewa da wannan gona a yau shi ne iri. A daminar 2023 wata cutar ruɓewa ta afka wa citta a ƙananan hukumomin Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da kimanin naira biliyan 12. Manomin citta daga amfanin bana yake ware irin baɗi, saboda haka wanda gonarsa ta ruɓe ya yi asara biyu, ga shi farashin iri ya tashi ya fi ƙarfin talaka. Cutar tana bin iri mai ɗauke da ita, tana kuma zama a ƙasa, musamman inda ruwa ke kwanciya. Manomi guda mai neman kuɗin makarantar yara ba zai iya hutar da filinsa shekaru ba. Ikkilisiya za ta iya. Tana da halin zaɓar wurin da ba a shuka citta ba kwanan nan, ta nemi lafiyayyen iri da shawarar malaman gona ko tashar binciken amfanin gona masu saiwa, ta riɓanya shi, ta ba mambobi rance su mayar da kaka. Idan kuwa masara aka shuka, kuɗin sayar da buhu ashirin yakan ƙare a kwanon rufi da fenti, abin da baiko ma zai iya yi.

Saura maganar filin kansa. Yawancin irin waɗannan gonaki kyauta ce ta baki daga wani dattijo ko dagaci, shaidun kuma sun rasu. Da gari ya faɗaɗa ƙasa ta yi daraja, jikoki sukan taso da magana. A ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin filin noma a karkara, Jihar Kaduna kuma tana da hukumar KADGIS mai rajistar filaye. Dattawan ikkilisiya su zauna da magada da hakimi tun ana ga maciji, a zagaya iyaka, a rubuta, a dasa itatuwa irin su mangwaro ko kashu a kanta a farkon damina, lokacin da dashe ya fi kamawa.