AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Jiya da daddare a majalisarmu saura kaɗan mu ɓata da wani abokina, ma'aikaci ɗan'uwana, kuma a kan fim. Ƙanena ne ya turo min wani shirin BBC mai suna Bodyguard, na cinye shi cikin dare biyu, na kawo zancensa. Sai mutumin nan ya ce wai irin waɗannan finafinai ne ke sa talaka ya daina yarda da hukuma, kuma da shi ke da iko ko Kwana Casa'in ba za a ƙara haskawa ba. Na ce masa, "Malam, bari in je gida in rubuta maka amsa, a nan hayaniya ta fi hujja yawa." To ga amsar.

Ga wanda bai gani ba: shirin ya fito a 2018, kashi shida ne. Labarin wani ɗan sanda ne, David Budd, tsohon soja da ya yi yaƙi a Afganistan, aka ba shi gadin ministar cikin gida ta Birtaniya. Bam ya kashe ministar, aka soma zargin shi kansa mai gadin. A kashi na ƙarshe sai ta bayyana cewa shugabarsa a wurin aiki ce ke sayar wa manyan ɓarayi bayanan tafiye-tafiyen ministar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ku lura da wanda ya haska shi. BBC ce, gidan da jama'ar ƙasar ke biya da kuɗinsu. Sama da mutum miliyan 10 suka zauna kallon kashi na ƙarshe a dare ɗaya. Babu wanda ya rufe tashar, kuma gari na wayewa 'yan sandan Landan suka fita aiki yadda suka saba.

Mu fa? Kwana Casa'in ya fara a Arewa24 a 2019, a wata jihar ƙirƙira mai suna Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada. A 2020 Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta ba da umarnin dakatar da shi tare da Gidan Badamasi. A Satumbar 2021 hukumar ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinan Kannywood, wai kar matasa su koya. To, Malam, tun da aka hana, an daina satar mutanen?

A Nuwambar 2024 Lakurawa suka kashe mutum 15 a Mera, ƙaramar hukumar Augie. Ranar 31 ga Oktoban 2025, a cikin garin Bagudo, nan gidanmu, aka ɗauke Mataimakin Kakakin Majalisar Dokokin jiha bayan sallar isha'i. Ranar 17 ga Nuwamba aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Danko/Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗiyanmu 25. Wane fim waɗannan mutanen suka kalla? Wanda ke kwana a daji da bindiga shi zai jira darakta ya koya masa aikinsa? Haba!

Yanzu ga inda nake son ka tsaya ka saurare ni. Bayan harin Maga, Gwamna Nasir Idris da bakinsa ya ce an samu bayanan sirri tun kafin abin ya faru, an kai sojoji, amma suka janye wajen ƙarfe 3 na dare, ƙarfe 3:45 maharan suka iso. Shi da kansa ya tambaya: wa ya ba da umarnin janyewa? Wallahi da marubucin Kannywood ne ya rubuta wannan a fim, da an ce ya ci zarafin jami'an tsaro, a ƙwace masa lasisi. Amma gwamnan jiha ne ya faɗa, a gaban 'yan jarida.

Ni ban ce ga mai laifi ba, kuma ba na cikin masu cewa komai gwamnati ce ke shiryawa. Na san akwai sojoji da 'yan sanda da suka bar marayu a kan wannan aiki, Allah Ya jiƙansu. Na kuma yarda da abokina cewa jita-jita guba ce, tana kashe gwiwar mai gadi, tana sa ɗan ƙauye ya ƙi kai rahoto. Inda muka raba hanya shi ne uwar da ke haifar jita-jitar. Shi ya ce fim. Ni na ce shiru. In ka bar mutum da tambaya babu amsa, shi zai ƙirƙiro tasa, kuma tasa ta fi ta gaskiya muni.

Na kusa shekara ashirin ina aikin gwamnati. Ko masinja za a ɗaga daga wannan ofis zuwa wancan sai an rubuta takarda, an sa hannu, an buga hatimi, an jefa kwafi a fayil. Balle a ce jami'ai ɗauke da makamai sun bar bakin aiki da tsakar dare. Akwai wanda ya yi magana, akwai wanda ya amsa, akwai littafin da aka rubuta lokaci. A fim sai an yi kashi shida kafin a gano mai laifi. A aikin gwamnati buɗe fayil ɗaya ya isa.

Sannan batun gadin manya, wanda shi ne tushen fim ɗin. A can, gadin minista aikin ƙasa ne mai ƙa'ida. A nan na taɓa zuwa wani biki na ga ɗan sanda da bindiga a kafaɗa yana riƙe wa matar wani attajiri jaka. A wannan makon kuwa, mutanen ƙauyukanmu na iyakar Benin, daga Tsamiya har Lolo, 'yan banga ke kwana suna gadinsu da bindigar toka. Ranar 23 ga Nuwamba Shugaba Tinubu ya ce a janye 'yan sanda daga gadin manyan mutane, Sufeto Janar na lokacin, Egbetokun, ya ce an janye 11,566. Madalla. Amma Ibrahim Idris ya faɗi haka a 2018, Mohammed Adamu ya maimaita a 2020, muka ga inda aka kwana. Saboda haka ni tambayata ɗaya ce: cikin dubu goma sha ɗayan nan, nawa suka iso mazaɓar Matsinka/Geza? Nawa aka kai Kaoje da Illo?

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. A karanta mana sakamakon binciken Maga a rediyo, da Hausa, yadda iyayen yaran za su ji da kunnensu. A faɗi adadin 'yan sandan da aka ƙara wa kowace ƙaramar hukuma ta bakin iyaka, mu da ke nan mu ƙirga da idonmu. A kuma ƙyale masu fim su yi aikinsu, a tace batsa, a bar musu tambaya. Wanda hannunsa ke da tsabta ba ya jin tsoron wasan kwaikwayo.

Malam, ka gafarce ni in na yi zafi. Gobe da yamma shayin a wuyana yake, sai ka zo da taka hujjar.

Allah Ya tona asirin duk mai hannu a zubar da jinin bayinSa, ko a daji yake ko a ofis. Allah Ya zaunar mana da Kebbi da Najeriya lafiya. Amin.

Daga Geza, ƙaramar hukumar Bagudo.