Minshari da lasisin tuƙin jirgi: Yadda na'urar barci ke yanke hukunci kan makomar matuƙa

Da safiyar 13 ga Fabrairun 2008, wani jirgin fasinja na kamfanin go! ya tashi daga Honolulu zuwa Hilo a tsibiran Hawaii na Amurka, ɗauke da fasinjoji 40. Tafiyar ba ta kai ta awa ɗaya ba. Ana tsakiyar hanya sai jami'an hasumiya suka yi ta kiran matuƙan biyu, shiru kake ji har kusan minti 18. Jirgin ya wuce Hilo da kimanin kilomita 48, ya nufi tsakiyar teku, kafin su farka su juyo da shi.

Barci ne ya sace su duka biyun.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ɗora alhakin lamarin a kan abubuwa biyu: sammakon aiki na kwanaki a jere, da kuma wata lalura da aka gano kyaftin ɗin na ɗauke da ita ba tare da ya sani ba, wato ɗaukewar numfashi a cikin barci.

Tun daga lokacin ake tafka muhawara a harkar sufurin sama: shin ya za a yi da matuƙin da ke da wannan lalura, musamman idan lokacin sabunta takardar shaidar lafiyarsa ya zo?

Mece ce wannan lalura?

Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa kan saki. A wajen wasu, sakin kan kai ga toshe hanyar iska baki ɗaya na daƙiƙa goma ko fiye. Iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja numfashi da ƙarfi, sannan ya koma barci ba tare da ya san ya farka ba.

Likitoci na ƙirga sau nawa hakan ke faruwa a cikin awa guda. Daga 5 zuwa 15 lalurar ba ta yi tsanani ba, daga 15 zuwa 30 matsakaiciya ce, daga 30 zuwa sama kuwa ta yi tsanani.

Mai wannan lalura zai iya shafe awa takwas a kan gado amma ya tashi a gajiye, ya wuni yana gyangyaɗi. Babbar alamarta ita ce minshari mai ƙarfi da ke yankewa yana dawowa, kuma galibi matar aure ko abokin ɗaki ne ke fara lura. Tana da alaƙa da ƙiba da hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Wani bincike da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta wallafa a 2019 ya yi ƙiyasin cewa mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da ita a duniya.

Dokar da ta tayar da ƙura

Matuƙin jirgin fasinja ba ya aiki da lasisi kaɗai, sai da takardar lafiya mai wa'adi. A Amurka, kyaftin ɗin da bai kai shekara 40 ba yana sabunta tasa duk wata 12, wanda ya kai 40 kuwa duk wata shida.

A ƙarshen 2013, babban likitan hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, Dakta Fred Tilton, ya sanar da cewa duk matuƙin da ma'aunin ƙibarsa na BMI ya kai 40 sai an yi masa gwajin barci kafin a ba shi takarda. Misali, mutum mai tsawon mita 1.75 da nauyinsa ya kai kilo 123 ya faɗa cikin wannan rukuni.

Ƙungiyoyin matuƙa sun yi ca a kan matakin. Hujjarsu ita ce za a sauke mutane daga aiki bisa zato, a bar su da kuɗin gwaji da jiran takarda na watanni. Maganar ta kai majalisar wakilai, wadda ta amince da ƙudurin tilasta wa hukumar bin matakan kafa doka kafin aiwatar da tsarin.

FAA ta ja da baya. A watan Maris na 2015 ta fito da sabon tsari: ƙiba kaɗai ba ta hana takarda. Likita zai duba alamomi gaba ɗaya, idan ya ga akwai haɗari sai ya ba matuƙin takardarsa, ya tura shi gwaji, a ba shi kwana 90 ya kawo sakamako. A mafi yawan lokuta yana ci gaba da aiki a wannan tsakani.

Na'urar da ke ba da shaida

Idan gwaji ya tabbatar da lalurar, ba shi ke nan aiki ya ƙare ba. Lalurar da ba a magance ba ce ke hana tuƙi. Wanda ke karɓar magani ana ba shi takarda ta musamman, wadda ake sake dubawa duk shekara.

Maganin da aka fi amfani da shi shi ne na'urar CPAP, wadda wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, ya gabatar a 1981. Takunkumi ne da ake ɗaurawa a hanci ko fuska, haɗe da ƙaramin inji da ke hura iska a hankali don hanyar numfashi ta zauna a buɗe. Ba warkarwa take yi ba. Daren da aka ajiye ta, lalurar na dawowa.

A nan ne sabunta takardar ke da wuya. Na'urar tana adana lissafin kowane dare: sa'ar da aka kunna ta, sa'ar da aka cire ta, da sau nawa numfashi ya ɗauke. FAA na son ganin an yi amfani da ita a aƙalla kashi 75 cikin 100 na lokutan barci, kuma a matsakaicin lissafi aƙalla awa shida a kowane barci. Ga sauran marasa lafiya a ƙasar, ma'aunin inshorar gwamnati awa huɗu ne a kashi 70 cikin 100 na darare.

Ke nan matuƙi zai je gaban likita da rahoton na'ura na tsawon shekara, da bayanin likitan da ke kula da shi, da sa hannunsa cewa ba ya fama da gyangyaɗin rana. Ga mutumin da yau yana kwana a wannan otal gobe a wancan, dole na'urar ta zama abokiyar tafiya. Idan kuma yana da biyu, ta gida da ta tafiya, sai an haɗa lissafin duka.

Tsoron faɗin gaskiya

Babbar matsalar ba ta waɗanda ke ɗaura takunkumi kowane dare ba ce, domin su an san halin da suke ciki. Matsalar tana wajen wanda ke zargin yana da lalurar amma ya ƙi zuwa asibiti don kada abincinsa ya ƙare.

Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya ji ta bakin matuƙa sama da 3,700 a Amurka, ya nuna cewa kashi 56 cikin 100 sun taɓa kauce wa neman lafiya ko ɓoye wani bayani saboda tsoron rasa takardarsu.

Ɓoyewar ma ba mafita ba ce. Yin ƙarya a fom ɗin lafiya na FAA laifi ne da ka iya jawo ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000. A 2023 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa hukumomi na binciken matuƙa kusan 4,800, tsofaffin sojoji, da ake zargi suna karɓar kuɗin lalura daga gwamnati amma ba su bayyana cututtukan ga FAA ba.

Gaba kura baya sayaki ke nan ga matuƙi: ya faɗa ya shiga wahalar takardu, ya ɓoye ya jefa kansa da fasinjojinsa cikin haɗari. Darasin takaddamar 2013 zuwa 2015 shi ne, duk dokar da ta sa faɗin gaskiya ya fi ɓoyewa tsada, ɓoyewa za ta haifar. Shi ya sa barin matuƙi ya ci gaba da aiki yayin da ake gwada shi ba sassauci ba ne kawai, hanya ce ta jawo masu ɓuya su fito.

Ba jiragen sama kaɗai abin ya shafa ba. A Disambar 2013 wani jirgin ƙasa ya kauce daga layi a birnin New York, mutum huɗu suka mutu, daga baya aka gano direban na da lalurar mai tsanani wadda ba a taɓa gwada shi a kai ba.

Ina aka kwana a Najeriya?

Matuƙan Najeriya, ciki har da waɗanda suka fito daga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, su ma suna sabunta takardar lafiya a hannun likitocin da hukumar NCAA ta amince da su, bisa ƙa'idojin hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO. Tambayar ita ce ko tsarin da ya dogara da lissafin na'ura zai yi sauƙin bi a nan.

CPAP na buƙatar lantarki har gari ya waye. Idan aka ɗauke wuta da ƙarfe biyun dare, ba barci kaɗai ke yankewa ba, har lissafin awannin da za a nuna wa likita. Sai an tanadi batir ko sola. Ga kuɗin na'urar da ake shigowa da ita daga waje, ga na gwajin barci da ba kowane asibiti ke yi ba.

Sannan akwai yadda jama'a suka ɗauki minshari: abin tsokana, ko ma alamar barci mai daɗi. Direban tirela da ke kwana a hanyar Kano zuwa Legas yana iya ɗauke da irin lalurar kyaftin ɗin Hawaii, kuma babu likitan da ke jiran sa duk wata shida.

Fasinjojin jirgin Hilo sun sauka lafiya domin matuƙan sun farka da sauran mai a tanki. Kyaftin ɗin bai san yana da ciwo ba sai bayan faruwar lamarin. Aikin da ke gaban hukumomi shi ne tabbatar da cewa na gaba ya ji labarin ciwonsa a ɗakin likita, kuma bai ji tsoron shiga ɗakin ba.