Waiwaye: Marubutan Labaran Bincike da Tsofaffin Ma'aikatan Arlit

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi suna wajen rubuta gajerun labaran bincike, irin waɗanda ake tsintar gawa a shafin farko sai a na ƙarshe a gano wanda ya yi kisan, da wata sana'a dabam suka fara cin abinci. Arthur Conan Doyle, mai Sherlock Holmes, likita ne, kuma halin jarumin nasa daga malaminsa Joseph Bell ya ɗauko shi, mutumin da kan dubi hannun majinyaci da tafiyarsa ya faɗi aikin da yake yi. Agatha Christie ta yi aikin haɗa magunguna a asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa in ta ambaci guba a labari ta san yadda take kama jiki. Raymond Chandler kuwa babba ne a kamfanin man fetur, aka kore shi a 1932, labarinsa na farko ya fito a 1933 yana da shekara 45. A nahiyarmu ma haka abin yake: Moussa Konaté na Mali malamin makaranta ne, Abasse Ndione na Senegal ma'aikacin jinya, Yasmina Khadra na Aljeriya hafsan soja.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Dashiell Hammett. Ya shiga kamfanin bincike na Pinkerton a 1915, kamfanin da masu ma'adinai a Amurka kan ɗauka haya don murƙushe yajin aiki. Da ciwon huhu ya raba shi da aikin, sai ya koma rubuta gajerun labarai a mujallar Black Mask. Littafinsa Red Harvest, na 1929, labarin wani gari ne da ramin ma'adinai ya haifa, inda mai kamfani ya kawo ƴan daba su karya ma'aikata, daga baya suka fi ƙarfinsa suka riƙe garin. Garin Butte mai arzikin tagulla ya kwaikwaya. Hammett ya san yadda ake bin sawun mutum a titi, ya san yadda ake rubuta rahoto a bar abin da maigida ba ya son ji. Wannan sanin ne ya sa har yau ake karanta shi.

To, mu ma muna da irin wannan gari. Arlit ba ta da tarihin sarauta ko na fatauci irin na Agadas. Ƙarfen uraniyom ne ya kafa ta a ƙarshen shekarun 1960. Kamfanin Somaïr ya fara haƙa a 1971, kamfanin Cominak ya biyo baya a 1978 da raminsa na Akouta mai zurfin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, garin Akokan ya tashi a gefensa. Mutane suka yi ta kwararowa daga Tawa, Maraɗi, Damagaram da Dosso, Buzaye suka bar kiwo suka sa hular kwano. Unguwannin kamfani da ruwa da wuta, na talakawa kuma a gefe, an haɗa su da langa-langa da tsofaffin ganguna.

Abubuwan da suka faru a wannan wuri, ba sai marubuci ya wahalar da kansa wajen ƙirƙira ba. A daren 16 ga Satumba 2010 aka shiga har gida aka sace mutum bakwai, ma'aikatan kamfanonin Areva da Satom da matar ɗaya daga cikinsu, huɗu daga ciki sai a Oktoba 2013 suka samu kansu. A 23 ga Mayu 2013 mota ɗauke da bam ta tashi a masana'antar Somaïr. Akwai kuma wanda ba ya ƙara, wanda a ganina ya fi waɗannan ban tsoro: tsohon ƙarfen da ke fita daga ma'aikata ya shiga kasuwa, maƙeri ya saya ya ƙera abin amfanin gida, ko magini ya ɗora shi a rufin ɗaki, ba wanda ya san yana ɗauke da tururin da ido ba ya gani. Masu binciken CRIIRAD na Faransa sun auna irin wannan ƙarfe a Arlit a 2003, Greenpeace kuma ta auna titunan Akokan a 2009. Kamfanin Areva ya sha cewa yana bin ƙa'idojin duniya. Wanda ya tayar da maganar tun farko, Almoustapha Alhacen na ƙungiyar Aghirin'man, ma'aikacin Somaïr ne da ya ga abokan aikinsa suna mutuwa, ya fara tambayar dalili. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

In ba mu ba da labarinmu ba, wasu za su ƙaga mana. An taɓa yi. Wasu takardun jabu sun zagaya ofisoshin leƙen asiri na Turai da Amurka, wai Nijar ta yarda ta sayar wa Iraƙi tan 500 na uraniyom. Ɗaya daga ciki, mai kwanan watan Oktoba 2000, tana ɗauke da sa hannun Allele Elhadj Habibou a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Kowane tsohon akawu a Yamai da ya gan ta zai gane ƙarya ce. Duk direban da ya taɓa jan gangunan uraniyom daga Arlit zuwa Kwatano kuma ya san tan 500 ba ya fita a ɓoye. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta bayyana jabun a farkon Maris 2003, kafin watan ya ƙare aka afka wa Iraƙi.

Masu kyamara sun riga masu alƙalami zuwa. Idrissou Mora-Kpai ɗan Binin ya yi fim ɗin Arlit, deuxième Paris, Amina Weira kuma, ɗiyar tsohon ma'aikacin Cominak, ta fitar da La Colère dans le vent a 2016, tana bin mahaifinta gida-gida wurin tsofaffin abokansa. Sai dai fim na gaskiya yana da iyaka, don mutum ba zai faɗi komai fuskarsa a waje ba, balle in ɗansa na neman aiki a wurin. Ƙagaggen labari ya fi ba da sarari: a sauya suna, a sauya unguwa, gaskiyar yadda abu ke gudana ta fito. Sulaiman Ibrahim Katsina ya yi haka da ƴan fasa-ƙwauri a Turmin Danya tun 1982, kuma da Hausa ya yi, harshen da ake ciniki da shi a kasuwar Arlit.

An rufe Cominak a 31 ga Maris 2021, ma'aikata kusan 600 suka koma gida, ban da na ƴan kwangila. A cikinsu akwai masu fasa dutse, masu auna iska a rami, masu jinya, masu gadin ƙofa da suka san abin da ke shiga da abin da ke fita. Ga su nan a majalisun shayi a Akokan da Agadas da Tawa, wasunsu ba su wuce shekarun da Chandler ya fara rubutu ba. Wanda hannunsa bai saba da biro ba, yana da ɗa ko jika mai waya da zai naɗi muryarsa. Mata kuwa ga gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016. Saurayin da aka ɗauka aiki yana ɗan shekara ashirin lokacin da Somaïr ta fara haƙa, yau in yana raye ya haura saba'in.